Igiyar haske a bakin ƙofar Inna

Masu bin wannan fili sun san nahawu nake karantawa a Ummul Ƙura. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gida, ɗan Goggo nake kira. Amma watan jiya sai ga ni zaune da wayoyi da ƙarfen narka dalma, kuma Inna ce sila.

Inna surukar Goggo ce, wadda nake zaune wurinta a Ka'akiyya. Ta haura tamanin, mantuwa ta fara cin ƙarfinta. A Misfala ta yi ƙuruciyarta, inda da ƙafa take zuwa Harami, kuma a ranta har yau can take. Sau biyu tana tashi kafin asuba, ta yi alwala, ta ja ƙofa ta fice. Na biyun, wani direba ne ya tsince ta wajen kasuwar kayan gwari, inda manyan motoci ke shige da fice cikin duhu. Muka gwada kulle mata ɗaki. Kukan da ta yi a daren ba na fatan in sake jin irinsa.

Abin da muke buƙata shi ne mu san ta fito, ba tare da mun tsare ta ba. A YouTube na ga dabarar: ƙaramar leza ja, mai ƙarfin miliwat 5, tana harba haske daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan, ya sauka kan wani ɗan ido da ake kira LDR. Idan haske na kansa, lantarki na bi ta cikinsa cikin sauƙi. Da an tare hasken sai ya toshe hanya. Lantarkin ya karkata zuwa tiransista, ita kuwa da ta samu kusan bolt 0.7 sai ta buɗe wa ƙararrawa. Shi ke nan. Cajar waya mai bolt 5 ta ishe su duka.

A bidiyo minti goma ne. Ni kwana tara na yi.

Da farko na juya mazaunin idon da na resista, sai ƙararrawar ta yi ta ihu idan babu kowa, ta yi shiru idan an gifta. Goggo ta ce, “'Yar nan, wannan ai maigadin ɓarayi kika haɗa.” Na gyara. Sai kuma fitilar falo: muddin tana kunne, idon yana ganin haskenta, ko ka tare leza bai san an yi ba. Bututun baƙin biro na yanke na cusa shi ciki, ya daina ganin komai sai abin da ke gabansa. Matsala ta uku ta fi ba ni wuya. Mutum na wucewa ƙarar ke ɗaukewa, ɗan “ƙit” ɗin nan kuwa ba ya tada ɗalibar da ta kwana kan littafin Sibawaihi. Dole na ƙara guntun nan mai lamba 555, wanda ke kasuwa tun 1972, shi ke riƙe ƙarar har sai na danna maɓalli.

Wanda zai gwada, don Allah ya sa lezar ƙasa, daidai idon sawu. Ko 'yar ƙaramar nan tana iya illata ido, yara kuma da sun ga jan ɗigo sai sun leƙa. Ƙararrawar kuma na ja mata waya zuwa ɗakina, don kada ta firgita Inna.

Daren Talata ta yi ƙara, ƙarfe uku da 'yan mintuna. Na tarar da Inna a falo, ta yafa mayafi, carbi a hannu.

“Inna, ina zuwa?”

“Harami mana. Ko ba za ki raka ni ba?”

Na ce mata da sauran lokaci, mu zauna tukuna. Na dafa mata shayi, muka yi sallar asuba tare a kan darduma ɗaya. Ranar Juma'a ɗan Goggo ya ɗauko mota, muka kai ta.