Halbi ga wutsiya ya fi kuskure?

Duk wanda ya shiga fadamar Majiya ta wajen Karofan, cikin gundumar Buza, abin da za shi gani shi ne gonakin hatsi da dawa, da garaken albasa, da jerin itatuwan dogon yaro waɗanda anka fara shukawa a 1975 don su tare iska. Ba za shi ga gwanki ba, balle raƙumin dawa. Akwai gandun daji a Karofan wanda anka killace tun zamanin Turawa, amma manyan namun daji sun daɗe da yi ma Adar ban kwana. Farin 1973 da na 1984, da gatari, da hauya, da bindiga, kowane ya ci rabonshi. Abin da ya rage sai zomo da zabon daji da dila, sai kuma sunaye irin na Tapkin Zaki, wani gandun dajin na jahar Tawa, wanda sunanshi kaɗai ya isa shaida.

Kwari da baka dai ba su ɓace ba. Suna rataye cikin ɗakunan mahalba, ana fito da su ranar buki, kuma sarautar Sarkin Baka tana nan da girmanta a ƙasar Hausa. Ga shi kuma yau ɗan kasuwar da ke fita ƙasashen waje, ko ma'aikacin da ke duba wayarshi, shina cin karo da wasu bakunan kibau masu walƙiya kamar reza, irin waɗanda mahalban Amurka da Afirka ta Kudu ke kashe manyan namu da su. Sai shi ce a ranshi: ashe maƙeranmu sun yi barci. Wagga magana tana buƙatar gyara, don kibiyar Bahaushe da ta Ba'amurke ba aiki guda anka ƙera su su yi ba.

Kibiyar mahalbin ƙasar Hausa ƴar aike ce. Bakinta siriri ne, gabanshi kamar ɗan ganye, shina da kunne ɗaya ko biyu ko fiye da ke kallon baya. Ana cusa gindin ƙarfen cikin kyauro a naɗe da jijiya, ba a kuma sa mata gashin tsuntsu. Ba ta da nauyi, bakan da ke tura ta ma ba wani mai tsananin ƙarfi ba ne. Aikinta shi ne ta huda fata ta liƙe, kunnuwan su hana ta fita, har saƙon da ta ɗauko shi shiga jini. Saƙon kuwa shi ne dafi, wanda uwarshi ita ce ƴaƴan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo da ke tsaida zuciya. Likitocin Turai ma sun fidda maganin ciwon zuciya daga danginshi a ƙarni na 19. Ita wagga kibiya ce mutanen Sarauniya sunka tari sojojin Voulet da Chanoine da ita a Lugu cikin watan Afrilu na 1899. Wanda ke son shi ga yadda aikin ke tafiya da ido, sai shi nemi sinimar da Jean Rouch ya ɗauka wajen Yatakala, wadda ta fito a 1965, ta mahalban zaki da baka: daga maƙera, zuwa dahuwar dafi, zuwa bin sawu.

Nan ne asalin karin maganar da ke cewa halbi ga wutsiya ya fi kuskure. Ga mai dafi gaskiya ne, tunda ko'ina kibiya ta taɓa jini, saura haƙuri da bin sawu. Mahalbi shi iske naman ya faɗi, shi yanka, shi yanke wurin da kibiya ta shiga shi yar.

Kibiyar Ba'amurke kuwa wuƙa ce mai tashi. Ba ta ɗauke da komi sai kaifinta. Dole ta ratsa fata da haƙarƙari, ta yanke huhu ko manyan jijiyoyin jini, dabba ta zubda jini ta faɗi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa a jihohi da yawa na Amurka doka ta ce faɗin bakin kada shi kasa wajen milimita 22, ta kuma hana dafi, wasu jihohin har da kunne sunka hana, don in halbin bai yi kyau ba ƙarfen shi iya fita, dabba ta warke. Ga mai irin wagga kibiya, halbi ga wutsiya ko ga cinya ko ga tumbi ya fi kuskure muni nesa ba kusa ba. Wanda ya kuskure ya yi hasarar kibiya guda. Wanda ya halbi tumbi ya aika dabba ta ruɓe cikin rukuki kwana biyu ko ukku, ba shi ci ba, ba a bar ma daji ba.

Su ma bakunan nasu iri biyu ne. Akwai mai naɗewa kamar wuƙar aljihu: kaifinshi shina kwance lokacin da kibiya ke tafiya, sai ta bugi dabba kana shi buɗe, wani har santimita 5. Shina tafiya sak, shina yin babban rauni, shina kuma da kyan gani cikin kwali, abin da ke ruɗin mai saye. Amma buɗewar tana cin wani kashi na ƙarfin halbin, kuma duk abin da ke da gaɓa shina iya ƙin buɗewa ko shi karye in ya gamu da ƙashi ko ya shiga a karkace. Sai kuma kafaffen baki, wanda kaifinshi biyu ko ukku ke tsaye daram tun daga maƙera, ba abin da ke motsi jikinshi. Ga babban nama mai kaurin fata, kamar ɓauna ko gwanki, shi ne zaɓin mai hankali.

Wani likitan ido Ba'amurke, Ed Ashby, ya fara gwada wanga al'amari a shekarun 1980 cikin gandun dajin Mkuzi na lardin Natal, a Afirka ta Kudu, daga baya ya ci gaba a kan ɓaunar Ostareliya. Abin da ya gano ba za shi ba maƙerin Adar mamaki ba. Na farko dai shi ne ƙwarin ƙarfe: bakin da ya lanƙwashe ko ya karye ga ƙashi aikinshi ya ƙare, komi kaifinshi. Sa'annan baki mai kaifi biyu, dogo siriri, wanda tsawonshi ya kai kamar ninki ukku na faɗinshi, ya fi gajere mai faɗi shiga, kamar yadda tsinke ya fi cokali shiga tuwon da ya kwana. Ya kuma nuna cewa in anka wasa kowane kaifi ta gefe guda kaɗai, bakin shina murɗawa cikin ƙashi shi tsaga shi. Game da nauyi, ya ce kibiyar da ake so ta fasa babban ƙashi, ita da sandarta duka, kada ta kasa wajen giram 42. Bakin da galibin mahalban Amurka ke saye ma barewarsu bai wuce giram 6 zuwa 8 ba. Kaifi kuwa, in bai aske gashin hannu ba, ba a fita daji da shi.

To, ga inda hatsarin yake. Wanda ya sayo faffaɗan baki ya ɗaura shi bisa kyauro, ya yi aikin banza. Faɗin nan shina kama iska kamar fiffike, kibiyar da ba ta da gashi a baya sai ta yi ta lilo, ta tafi inda ta ga dama. Kyauro ba shi da nauyin da za shi tura wuƙa ta ratsa haƙarƙari, bakan gargajiya kuma ba shi da ƙarfin na Amurka mai ƴan tayoyi ga kawunanshi. Baki da sanda da gashi da baka duk tafiyarsu guda, ba a sayen ɗaya a bar saura. Ko da an haɗa su duka, mahalbin kirki ba shi sakin tsirkiya sai dabba na tsakanin mita 20 da 30, ta ba shi gefe, shi auna bayan kafaɗa.

Hatsari na biyu ya fi kusa da gida, shi ne samarin da sunka gaji kwarin kakanninsu ba su gaji sanin da ke tare da shi ba. Kibiya mai kunne in babu dafi ƙaya ce kawai: ba ta kisa da wuri, ba ta kuma fita. Mayar da dafin ma ba mafita ba ce. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta a Nijar, ta san da farautar gargajiya, amma ta hana kama namu da abubuwan sa maye da abinci mai guba, ta hana farauta da wuta, da rami, da cikin mota, da ta dare. Malamai ma suna da tasu: a fiƙihun Malikiyya, cikin Muhtasar na Shehu Halilu, naman da anka halba da makami mai dafi ba a cinshi in ya mutu ba a tabbatar ko kaifi ne ya kashe shi ko dafi ba. Sai fa in an riske shi da rai an yanka. Wanda kaifi ya kashe bayan an yi bisimilla, halas ne.

Sai tambayar da ta fi duka nauyi: wane babban nama za a halba? Raƙuman dawa na Kure, waɗanda sunka rage wajen 50 a 1996, kariya ce ta sa sunka haura 600, har anka kai 8 daga cikinsu Gadabeji a 2018. Ba a taɓa su. Gandun W, wanda ya zama gandun ƙasa a 1954, ba wurin farauta ba ne. Mariri kuwa, tun a 2000 anka sanar da ƙarewarshi a daji, sai a 2016 anka fara maido shi Cadi daga garken da anka kiwata a tsare. Ɗan kasuwar da ke tunanin cika jaka da bakunan kibau don kasuwar Madawa ko ta Keita, shi fara biyawa ofishin gandun daji shi tambayi abin da doka ta halatta, da lokacin da ta buɗe, kafin shi zuba kuɗɗinshi.

Amma a daina cewa maƙera sun yi barci. Adar ƙasar tama ce, inda Nicole Echard ta iske maƙera suna narka dutse su fidda ƙarfe a shekarun 1960, ta ɗauki hotonsu. Jikokinsu yau da guntun sifirin na mota suke ƙira, ƙarfe mai ƙwari wanda ke riƙe kaifi. Maƙerin da ya iya aska da barho ya iya baki mai kaifi biyu, ƙarfe guda, marar kunne, mai tsawo ukku faɗi ɗaya, in an kai mashi awo. Tsofaffin da sunka san wane kunne ne na barewa, wane ne na gyado, wane ne kuma na yaƙi, su ne ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a garuruwan Majiya, kwarinsu na rataye bisa bango, gara na cin kyauron.