Wa zai faɗa wa Babban Duhu sunan ciwonta?

Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu na yammacin Katsina ya san cewa ciwo a wurinmu sunansa bai wuce huɗu ba: zazzaɓi, shawara, basir, sai kuma taifot da maleriya, waɗanda ake kiran su tare kamar Hassan da Hussaini. In an sha maganin waɗannan duka mutum bai tashi ba, to an gama da asibiti, sai a koma batun sammu ko iska.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a Babban Duhu take aure, can cikin ƙaramar hukumar Safana. Ƙulli ne ya fito mata a wuya, kamar kaluluwa, ga zazzaɓin dare, ga rama. Mai kyamis ya yi mata allurar taifot har zagaye uku. Da abin ya ƙi, wani mai magani ya duba ya ce daji ne, kuma ya ja kunne kada a bari ƙarfe ya taɓa wurin, wai daji ba ya shiri da allura. Ni kaina ban tsira ba, domin na ɗauki hoton wuyanta na tura wani gurup na WhatsApp, kuma kafin la'asar na samu likitoci sun kai goma, kowa da nasa sunan ciwon, biyu har da lambar asusun banki.

Sai da aka sayar da akuya biyu aka kai ta wani asibitin koyarwa. Likita ya ce za a yanki ɗan nama daga ƙullin a kai ɗakin gwaji. Ranar Gwaggo ta yi kuka, ta ce mini, "Ɗan nan, ka kawo ni a yanka ni ne?" Da ƙyar ta yarda. Da sakamako ya fito, ashe ba daji ba ne. Tarin fuka ne, irin wanda ke kama kaluluwar wuya maimakon huhu. Maganinsa wata shida, kuma kyauta ake ba da shi a Najeriya. Wato duk kuɗin da aka zubar a baya, an zubar ne kan ciwon da maganinsa ba ya cin ko sisi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya gano ciwon Gwaggo bai taɓa ganin fuskarta ba, ita ma har gobe ba ta san da shi ba. Godiyarta duka ta tafi ga likitan da ya rubuta magani.

Wannan mutumin shi ne likitan fatoloji, wato likitan da ke binciken asalin cuta a ɗakin gwaji. Ga yadda aikinsu yake. Ɗan naman da aka yanko, sai a jiƙa shi a wani ruwan magani mai suna fomalin don kada ya ruɓe. Daga nan a tsotse ruwan jikinsa, a daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, a ɗora shi kan wata na'ura da ke yanka shi siriri, ya fi silin gashin kai siranta sau goma da ɗoriya. A shimfiɗa a kan gilashi, a rina shi da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sannan likitan ya sa shi ƙarƙashin madubin ganin ƙwayoyin halitta ya karanta. Karatu ne fa na gaske. Yadda ƙwayoyin suka taru, girmansu, siffarsu, duk magana suke yi, kuma daga nan ne yake cewa wannan kansa ce, wannan tarin fuka ne, wannan kuwa ƙari ne marar illa, a cire a koma gida. Sashen kuma ba nama kaɗai yake dubawa ba. Akwai masu binciken jini, su ne ke da sikila da kansar jini da ma'ajiyar jini. Akwai masu shuka ƙwayar cuta su ga wace ce kuma wane magani ke kashe ta. Akwai masu auna sinadaran jiki, na ƙoda da hanta da sukari.

Irin waɗannan sassa muna da su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga kuma tsohon FMC na Katsina da ya koma asibitin koyarwa na tarayya. Yawancinmu muna ɗaukar su a matsayin harkar manyan malaman jami'a, ba ruwan ɗan ƙauye. Ni kuwa ina ganin babu wanda ya fi ɗan ƙauye buƙatarsu.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, suna amai suna jijjiga. Aka yi ta ba su maganin maleriya da na sanƙarau, shiru. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ɗebi jinin wasu daga cikinsu ta aika wani ɗakin gwaji a Jamus, sannan aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400. Jinin yaro ɗan Anka sai da ya hau jirgi zuwa Turai kafin a san abin da ke kashe shi.

Sai kuma sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016, wanda ya faro daga Zurmi, maƙwabtanmu ta bayan dajin Rugu, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da sauran jihohi. Kafin ya lafa a 2017, an samu waɗanda ake zargin sun kamu fiye da 14,000, an rasa rai fiye da 1,100. Mutane da yawa sun yi mamaki, ai an yi mana rigakafin sanƙarau shekarun baya? An yi, amma na nau'in A ne, wannan kuwa nau'in C ne. Da ido ba ka bambance su, sanƙarewar wuyan iri ɗaya ce. Sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji, kuma sai da wannan shaidar ake neman allurar rigakafin da ta dace daga ma'ajiyar duniya. Duk ranar da samfur ya yi bai isa ɗakin gwaji ba, rana ce da rigakafi bai taso ba.

Sannan mu dawo kan taifot ɗin namu. Gwajin da ake yi mana a yawancin ƙananan ɗakunan gwaji, mai suna Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari ce ta haɗuwa da ita, kuma a wurin da taifot ya zama ɗan gida, mutum lafiyayye ma zai iya nuna wannan alamar. Maleriya kanta tana iya ruɗa shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, aikin kwanaki, kuma sai ɗakin gwaji mai kayan aiki. Saboda haka da yawa daga cikin "taifot" ɗin da muke posting a kai da hoton ƙarin ruwa a hannu, Allah kaɗai Ya san ko shi ne. Muna ta ɗura wa jikinmu maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, ƙwayoyin suna ta sabawa da shi.

To me nake so? Ba cewa nake a gina asibitin koyarwa a Babban Duhu ba, ban yi hauka ba. Cewa nake, maimakon majinyaci ya yi tafiya, samfurinsa ya yi. Wanda ya san hanyoyin Safana da Batsari a shekarun nan na 'yan bindiga ya san abin da ake nufi da ɗaukar marar lafiya a kan babur da sassafe, ana tafe ana waige. Ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ga kwana a barandar asibiti. Kwalbar jini kuwa, ko kaki, ko ɗan nama a cikin fomalin, ba ta cin abinci, ba ta neman masauki, ɗan acaɓa ɗaya da akwatin sanyi zai kwashe na ƙauyuka biyar.

Kuma wannan ba mafarki ba ne, ana yin sa a harkar tarin fuka. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano cutar daga kaki cikin kusan awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar ta bijire wa babban maganin. Ba kowane asibiti ke da ita ba, sai aka tsara yadda masu babura ke kwaso kaki daga ƙananan asibitoci su kai inda take. In an iya yi wa kaki haka, me ya hana a yi wa jini da nama? Wasu gwaje-gwajen ma ba sai an yi tafiya ba. Na maleriya ɗigon jini ne da minti ashirin. Yanzu akwai irinsa na sikila, wanda masu bincike suka gwada a nan Najeriya, ana iya yi wa jariri ranar da aka kawo shi rigakafi. Amma ko wannan sai da wanda zai horar da ma'aikacin ƙauye, ya riƙa bin diddigi ko sakamakon da yake bayarwa daidai ne. Wannan aikin sashen fatoloji na jami'a ne, kuma ni a ganina ya fi rubuta takardar da ba mai karantawa sai kwamitin ƙarin girma. Sakamako kuma a turo ta waya, in da sabis. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Safana da Batsari da wasu ƙananan hukumomi na tsawon watanni.

Akwai wata asarar da ba ma gani. Binciken da malaman nan ke yi, da rajistar masu kansa da ake ajiyewa a Kano da Zariya, duk daga samfuran da suka iso hannunsu ake gina su. Wanda ya mutu a ƙauye da "gajeruwar rashin lafiya" ba ya cikin lissafi. In gwamnati ta tashi rabon kuɗi da magani, lissafin nan take dubawa.

Yanzu gare ku, ƙannena masu cike JAMB. Kowa so yake ya zama likitan tiyata, ko mai karɓar haihuwa, wanda za a gani a gode masa. Likitan fatoloji sai ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi aikin sanin makama da bautar ƙasa, sannan ya ƙara kusan shekara biyar yana ƙwarewa. Doguwar hanya ce, kuma wanda ya gama, Saudiyya da Ingila na yi masa ƙyafce. Akwai kuma digirin kimiyyar ɗakin gwaji na shekara biyar, su ne ke riƙe da na'urorin dare da rana. Na san ɓangarorin biyu sun daɗe suna jan zare kan wa zai shugabanci ɗakin gwaji, kuma na ga yadda ɗalibansu ke zagin juna a Facebook. Gwaggo dai ba ruwanta da wannan, dukansu biyun ne suka taɓa gilashinta. Da ni ne gwamnatin Katsina, da na ware guraben tallafin karatu na waɗannan fannoni musamman ga yaran Safana da Batsari da Ɗanmusa, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida wasu shekaru. Ɗan Runka ko Zakka ya fi baƙo sanin wace hanya ake bi ranar kasuwa, kuma shi ne zai iya zama gaban tsohuwa ya fahimtar da ita cewa allurar ɗaukar samfur ba ta watsa daji.

Gwaggo ta gama shan maganinta. Ƙullin ya baje, sai ɗan tabo. Takardar sakamakon tana nan a naɗe cikin leda a ƙasan akwatinta, tare da katin zaɓe. Kwanaki da na je, ta fito da ita ta ce in karanta mata sa hannun da ke ƙasa, tana so ta san sunan wanda za ta riƙa sa wa albarka. Na juya takardar sama da ƙasa, rubutun likita ne, ban iya karantawa ba.