A Rubuta Sharaɗi Kafin Tifa Ta Shiga Fadama

Jama'a, in an ce ma'adinai, hankalin yawancinmu ya kan tafi ga zinariyar Birnin Gwari ko kuzar Jos, sai mu ga kamar mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba ruwanmu da batun. To, ba haka ba ne. A idon doka, yashin da a ke kwasa a rafi, da marmarar da a ke haƙa don gyaran hanya, da dutsen da a ke fasawa a yi tsakuwa, duka ma'adinai ne.

Kwanan baya na je rangadi wata makaranta, sai hedimasta ya kewaya da ni bayan azuzuwa, ya nuna mini wani ƙaton rami. Masu kwangila ne suka ɗebi marmara, suka gama, suka yi gaba. Yanzu da damina rami ya kan cika maƙil, sauro ya samu gida, malami guda kuwa ba shi da aiki lokacin tara sai korar yara daga bakin ruwa. Na ce, wa ya ba da izni? Aka ce mai gona ne, an biya shi. Na ce, ina takardar? Babu.

Ga abin da doka ta ce. Tsarin mulki na 1999 ya sa ma'adinai duka a hannun Gwamnatin Tarayya, watau ba hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma da ke da ikon sayad da su. Amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ba ta bar talaka hannu sake ba. Mai neman lasin sai ya samu yardar mai ƙasa. Kafin ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin a kan amfanin da za su samu, a riƙa sake dubanta bayan kowace shekara 5. In ya gama, wajibinsa ne ya gyara wurin. Har wa yau dokar ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, ƙaramar hukuma kuwa tana da wakili a ciki in ana maganar ƙasarta. Malaman ofis nawa ne a cikinmu suka taɓa karanta wannan?

Wani zai ce, haba, don ramin marmara kawai? Ku tuna da Zamfara. A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ba su san akwai dalma a ciki ba. Ƙura ta shiga abinci da bakin jarirai, yara fiye da 400 suka rasu. A Jos kuwa kamfanonin kuza sun tafi tuntuni, tafkunan da suka bari suna nan.

Mu arzikinmu a saman ƙasa ya ke. Raken Makarfi da mazarƙwailarsa, tumatir da tattasai na Hunkuyi da Ikara, duka fadama ce ke ba da su. In aka yi ta kwashe yashin rafi, gindinsa ya kan yi zurfi, ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadama ya bi shi ya sauka, gaɓa ta zabtare. Mai noman rani da da ya ke samun ruwa a gaba biyu, sai ya haƙa huɗu. Kuɗin tifa kuwa an kashe shi tun ran kasuwa.

Ban ce a hana haƙa ba. Muna son hanya, muna son azuzuwa na siminti, kuma ba a yin su da iska. Abin da na ke roƙo shi ne kowace ƙaramar hukuma ta zauna da hakimai da dagatai ta zana taswira: nan a ɗebi yashi, nan kada a taɓa, kusa da makaranta, da rijiya, da maƙabarta, da burtali, babu haƙa. A buɗe littafi a ofis, a rubuta sunan mai haƙa, da lambar lasinsa, da ranar da zai cike rami.

Malaman makaranta kuma, ku ne masu karanta wa dagaci takarda. In an kawo ta a sa hannu, ku karanta masa ita da Hausa, layi layi, a gaban jama'a. In ba ku ga maganar cike rami a ciki ba, ku ce a mayar a sake rubutowa.