A Ba Samari Fili da Agogo

Duk lokacin da wasan mota ko na babur ya ci ran wani a garuruwanmu, abubuwa uku ne ke biyo baya, kuma a jere suke zuwa: jana'iza, sanarwar haramci, sannan mantuwa. Hakimi ya tara masu unguwanni, kakakin ƴan sanda ya yi gargaɗi a rediyo, limamai su yi huɗuba a kan haƙƙin rai. Bayan wata biyu a ɗaura wani auren, samari su sake jeruwa a bayan motar amarya, wani ya ɗaga tayar gaban babur, wani ya murɗa sitiyari ya fizgi birkin hannu har ƙura ta rufe ƴan kallo. Daga Kano zuwa Kaduna, daga Sakkwato zuwa Zuru, babu wanda bai san wannan zagaye ba. Shekara da shekaru muna ɗura wa majinyaci magani ɗaya, ciwo bai tafi ba, kuma an rasa mai tambayar ko maganin ne bai dace ba.

Haramci shi kaɗai ragwanci ne sanye da rigar hukuma. Yana da sauƙin furtawa, ba ya cin kuɗi, kuma yana wanke hannun mai furta shi daga abin da zai faru gobe. Garin da yake son raba samarinsa da tuƙin ganganci da gaske, dole ya haɗa hani da madadi: wuri killatacce, doka rubutacciya, alƙali, da agogo. Akwai wasan da aka gina a kan waɗannan abubuwa huɗu, kuma ina ganin ƙasar Zuru tana da dalilan da za su sa ta riga kowa gwada shi a Arewa.

Amurkawa suna kiran wasan otokuros. A Hausa za mu iya ce masa tseren agogo. Ana samun shimfiɗaɗɗen fili, kamar wurin ajiye motoci na filin wasa ko tsohon filin jirgi, a zana hanya mai kwane-kwane da ƴan turakun roba masu ruwan lemo, irin waɗanda ma'aikatan hanya ke jerawa. Motoci ba sa gogayya kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, kowa ya shiga shi kaɗai, agogo ya auna lokacinsa. Zagaye ɗaya yakan ɗauki kimanin minti guda. Wanda ya ture turke ana ƙara masa daƙiƙa 2, wanda ya tsallake wata ƙofa an soke zagayensa. Ana tsara hanyar da gangan yadda kwana za ta riƙa tare mota, don haka gudun ba ya cika wuce wanda ake yi a babbar hanya. Motar zuwa aiki ake shiga da ita, bayan an duba birki da taya, an tabbatar batir a ɗaure yake, an kwashe tarkacen cikinta. Direba ya sa hular kwano, ya ɗaura bel. Motoci masu tsawo da ke saurin kifewa ba a karɓar su. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ita ce ta fi gudanar da wasan a Amurka, kuma gasarta ta ƙasa a Lincoln ta jihar Nebraska tana tara direbobi sama da 1,000 a shekara, galibinsu ma'aikata da ɗalibai da ƴan fansho.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne abin da ke samun sabon shiga a ranarsa ta farko. Kafin a tayar da inji, da ƙafa zai zagaya hanyar tare da wani gwani yana nuna masa inda ake taka birki da inda ake kallo. A zagayen farko yawancin sababbi ɓacewa suke yi a cikin turakun, domin idonsu a kan hancin mota yake, alhali ido ya kamata ya riga mota isa kwana ta gaba. A zagaye na biyu sai zuciya ta ɗebe shi ya danna totur, ya shiga kwana da gudun da ya wuce ƙarfin taya, ya murɗa sitiyari motar ta ƙi bi, ta zarce ta kwashe turaku. A nan yake gano da jikinsa abin da babu wanda ya taɓa gaya masa: riƙon da taya ke yi wa ƙasa yana da iyaka, kuma idan birki ya cinye shi babu sauran da za a yi kwana da shi. Sai a liƙa sakamako, ya ga wani dattijo mai ƙaramar tsohuwar mota, wanda ko ƙarar taya bai yi ba, ya riga shi da daƙiƙa da yawa. Hayaƙi da ƙugin inji, waɗanda ake yi wa tafi a titi, a gaban agogo asara ce. Bayan ya gama tuƙi kuma ba zai tafi gida ba, zai tsaya a rana yana tayar da turakun da wasu suka ture, domin ƙa'idar wasan ce kowane direba ya yi aikin fili.

Mu kwatanta wannan da yadda direba yake samuwa a wurinmu. Yaro ya koyi mota a filin makaranta cikin mako biyu, ya iya tashi da giya ɗaya ba tare da inji ya mutu ba, shi ke nan ya zama direba. Mutum nawa ne a cikinmu, mu masu digiri da ofisoshi, suka taɓa taka birki iya ƙarfinsu da gangan don su ji abin da motarsu za ta yi? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun ƙafa ba ta kai kan birki ba. A busasshiyar kwalta, motar da ke gudun 50 tana buƙatar kimanin mita 14 ta tsaya bayan an taka birki. A gudun 100 tana buƙatar wajen mita 56, wato ninki huɗu. Yawancinmu ranar da akuya ko yaro ya faɗo mana hanya muke fara karatun wannan lissafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe ƴan shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ce ke da mafi munin kaso, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci.

Abin mamaki, kakanninmu ba su taɓa tunanin za a kashe zafin ƙuruciya da sanarwa ba. Sun san saurayi yana da buƙatar a gan shi, a auna shi, a ce ya fi wane. Don haka suka yi wa dambe fage, suka yi wa kokawa alƙalai, suka yi wa doki filin sukuwa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya ga wasan folo bai ce wasan Turawa ne a guje shi ba. Ya kawo shi gida, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa, har yau Katsina tana alfahari da shi. A ƙasar Zuru kuwa, Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun gina tarbiyyar namiji a kan gwaji na fili: kokawa a gaban jama'a, da golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma a gonar surukai tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata. Bikin Uhola har gobe wurin nuna ƙarfi da juriya ne a ƙarƙashin idon dattawa. Wannan horo na cikin abin da ya sa ƙasar ta yi suna da ba Najeriya sojoji. Doki ya samu fili, damtse ya samu fage. Injin da ya fi su haɗari nesa ba kusa ba, shi ne kaɗai muka miƙa wa yara makullinsa muka bar su da titin kasuwa.

Wasu ƙasashen sun bi ta wannan hanya kafin mu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Kalifoniya sun addabi tituna da tsere cikin dare. A 1951 wani editan mujallar motoci, Wally Parks, ya kafa ƙungiyar NHRA da manufar kwashe su daga titi zuwa filayen da aka killace, kuma ya yi aikin ne tare da ƴan sanda. A Afirka ta Kudu, wasan juya mota da ya samo asali a Soweto a shekarun 1980, wanda aka fi sani da jana'izar ƴan daba da motocin sata, yau wasa ne da hukumar tseren motoci ta ƙasar ta amince da shi, ana yin sa a filaye masu shinge, kuma ministan wasannin da aka naɗa a 2024, Gayton McKenzie, ya fito fili yana goyon bayansa. Saudiyya ta ɗaga tarar wasan mota a titi zuwa riyal 20,000 a laifin farko a 2016, amma ta kuma buɗe ƙofa ga wasannin mota na hukuma. Sanda da fili tare suke tafiya.

Jihar Kebbi ma ba baƙuwar wasan mota ba ce. An daɗe ana haɗa bikin kamun kifi na Argungu da gangamin motoci, kuma a 2020 an taso da ayarin daga Abuja da haɗin gwiwar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, lokacin Jelani Aliyu yana shugabantarta. Abu ne mai kyau, amma na baje koli ne: manya su ɗaga tuta, a ɗauki hoto, a watse. Ɗan acaɓan Dabai ko yaron bakanike a Zuru ba shi da ƙofar shiga. Abin da muke buƙata ƙarami ne, mai arha, wanda ake maimaitawa kowane wata.

Na san abin da za a ce. Na farko, ƙasar da ƴan bindiga suka raba mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da gonakinsu, ƙasar da matafiya ke kuka da hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai, ina ita ina wasan mota? Tsaro da hanya su ne gaba, babu gardama. Sai dai wannan shawara ba ta neman ko kwabo daga kasafinsu. Turakun roba, igiyar shinge, agogon hannu, hulunan kwano na aro, da tukwanen kashe gobara, kuɗin shiga na mahalarta zai iya ɗaukar su. Kuma saurayin da babur ya kashe a rakiyar amarya, makokinsa bai fi na wanda harsashi ya kashe sauƙi a wurin uwarsa ba.

Na biyu, za a ce wasan ƴaƴan masu kuɗi ne. Zai zama haka idan aka tsaya a kan mota. A Zuru babur ne dokin talaka, kuma irin wannan gasa ta turaku ana yin ta da babur, Japan ta yi fice a kai. A buɗe rukunin babura, a sa sharaɗin hular kwano da lasisi, sai ga ɗan acaɓa yana neman lasisin da kansa saboda yana son shiga.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A Norwe an taɓa wajabta wa sababbin direbobi horon sarrafa mota a kan santsi, binciken da ya biyo baya a shekarun 1980 ya nuna haɗarin samari maza a kan santsi ƙaruwa ya yi. Horon ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu iyawa. Wannan gargaɗi ne a kan yadda za a tsara abin. Idan fili ya zama makarantar koyon burgewa, gara a bar shi. Shi ya sa agogo da turaku suka fi wasan juyi dacewa da mu: suna hukunta ganganci nan take, a gaban abokai. Shi ya sa kuma dole a ɗaure fili da titi: duk wanda aka kama yana wasa a hanya a dakatar da shi daga gasa, sunansa a allo. Tarar naira uba ne ke biya. Kunyar kora daga fage saurayi ne ke ɗauka da kansa.

Kayan aikin duk suna nan. Zuru tana da barikin soja da filayen fareti, tana da Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a 2020 cike da matasa, tana da tsofaffin direbobin soja da suka yi ritaya waɗanda suka san horo suka san inji, tana da makanikai da ƙungiyoyin direbobi da na ƴan acaɓa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafa ta a 1988, wayar da kan direbobi na cikin aikin da doka ta ɗora mata. Tsayuwa a fili ɗaya ranar Asabar tana duba birki da taya ya fi rabon takardu a tasha tasiri. Masarauta ta sa albarka, asibiti ya ba da motar ɗaukar majinyata, ƴan kallo su tsaya bayan igiya nesa da hanya, a fara da mota 20 da babur 20.

Saura mu, masu karanta irin wannan rubutu. Motocin da ake juyawa a bukukuwa namu ne, ƴaƴanmu da ƙannenmu ne a ciki, kuma mu ne ke zuwa ofishin ƴan sanda da dare mu yi belinsu. Likita ko lauya ko injiniya ɗan Zuru da ke Abuja ko Birnin Kebbi, wanda ke iya tara abokai su ɗauki nauyin gasar ƙwallo ta hutun ƙarshen shekara, zai iya tara su su sayi turaku 100. Kuma ya kamata ya zama na farko da zai sa hular kwano ya shiga layi, ya bar agogo ya faɗa masa gaskiyar tuƙinsa a gaban yaran da yake yi wa faɗa.