Guzurin Magatakardan Jami'a

Akwai wata mas'ala wadda malamai da fatake na ƙasar Isa da Sabon Birni ba su cika tanka mata ba, gama ana ɗaukarta maganar 'yan birni, alhali kuwa ta shafi kowane uba da ya sayar da gero ko bisashe ya kai ɗansa Sakkwato neman ilmi. Mas'alar ita ce kuɗin guzuri da ake ba magatakarda da ma'aji da sauran masu riƙe da ofisoshin jami'a, don su fita ƙasashen waje su ga yadda ake gudanar da aiki.

Waɗannan mutane ba su karantar da kowa. Amma a hannunsu littafin sunaye yake, da hatimi, da takardar shaida. Malami ya san darajar ijaza, ya kuma san ba ta da ƙarfi sai an tabbatar da wanda ya bayar da ita da wanda shi ya karɓa daga gare shi. To, magatakarda shi ne mai tsaron wannan silsila a jami'a. Yaro ɗan Kamarawa ya yi shekara 4 yana karatu, ya ci jarrabawa. In ofis ya ɓatar da sakamakonsa, ko aka riƙa ce masa ya komo wata mai zuwa, wahalarsa da ta ubansa sun rataya ke nan. Kowace komowa kuwa tafiya ce bisa hanyar da a watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a kanta. Saboda haka horar da mai riƙe da takarda ba almubazzaranci ba ne.

Fita neman sani kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gobir. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A zamanin Turawa, Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta abin da ya gani cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi, har wanda bai taɓa ganin teku ba ya sami rabonsa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan a 1945 ƙaro ilmin koyarwa. Da aka buɗe jami'ar Zariya a 1962 Bature ke shugabancinta, Norman Alexander, sai a 1966 Dokta Ishaya Audu ya karɓa. Jami'ar Sakkwato ta zo a 1975. Aikin ofis ɗin nan duka koyonsa aka yi daga waɗansu, ba a haifi kowa da shi ba.

Sai dai a duba inda kuɗin ke fitowa. A 1993 aka aza wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu, a 2011 kuma aka mai da asusun ya zama TETFund, wanda a cikin ayyukansa har da biya wa ma'aikatan jami'o'i halartar taro. Kamfani kuwa ba ya biyan haraji daga aljihunsa, bisa kuɗin kaya yake aza shi. Watau bafataken da ya sari sukari da sabulu ya kai kasuwar Isa, da matar da ta saya a hannunsa, su ma sun zuba a tukunyar. Wanda ya zuba yana da hakkin ya tambaya.

Tambayar kuwa tana da dalili. A 2024 Shugaba Tinubu ya hana jami'an gwamnati fita waje da kuɗin hukuma har wata 3, daga farkon Afrilu. A ƙarshen shekarar TETFund ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda ake turawa su ƙi komowa. Lalle ɓarna ta auku. Amma in yaron da aka ba jari ya gudu, attajiri ba ya barin fatauci, yakan gyara sharaɗinsa ne. Fataken Gwanja na dā ba su bin madugu don ya sha iska. Ya san rijiyoyi, ya san zango, ya san abin da za a biya a kowace mashiga, in aka iso gida kuma a baje lissafi gaban masu dukiya. Haka ya kamata a yi wa magatakarda: kafin ya tashi a rubuta cutar ofishinsa da zai nemo wa magani, in ya komo ya karantar da na ƙasa da shi, bayan shekara a ƙidaya kwana nawa ɗalibi ke jiran takardarsa. Kuma kada tafiyar ta zama ta babba kullum, wanda ya kusa barin aiki. Akawun da ke zaune da fayil shi ya fi bukata.

Sa'an nan, wa ya ce ƙasar waje sai Ingila da Amurka? Ga mutumin Sabon Birni, Maraɗi ta fi Sakkwato kusa, can ma akwai jami'a, ta Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, akwai kuma jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986. Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsere wa 'yan bindiga suka sauka wajen Gidan Runji, 'ya'yansu waɗansu suka shiga makarantun tsarin Faransa. Ran da yaran nan za su komo da takardu cikin Faransanci, wane ne zai karanta su, ya san matsayinsu? A Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako 6, sai zargi ya haɗa mai gaskiya da maƙaryaci, domin masu rarrabewa sun yi ƙaranci. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa Landan ya isa ya kai akawu da yawa Maraɗi cikin mota, su zauna da takwarorinsu da Hausa, su ga hatiminsu da idonsu, su karɓo jerin makarantun da hukumar Nijar ta yarda da su.