Jiragen ƙasa na tarihi a yankin tafkunan Ingila: abin kallo ko abin sufuri?

Yankin Lake District da ke Cumbria, a arewa maso yammacin Ingila, yana karɓar miliyoyin 'yan yawon buɗe ido a kowace shekara, kuma akasarinsu da mota suke zuwa.

Cunkoson da hakan ke haddasawa a ƙananan hanyoyin karkara ya sa ake ta waiwayen layukan dogon da aka rufe a yankin fiye da shekaru 50 da suka wuce.

An shimfiɗa yawancin layukan ne a ƙarni na 19 domin jigilar ma'adinai da fasinjoji. Na garin Windermere ya fara aiki a 1847, duk da adawar da shahararren marubucin waƙoƙin nan William Wordsworth ya nuna, bisa fargabar cewa baƙi za su ɓata natsuwar yankin.

Da motoci suka yawaita, sai fasinjoji suka ragu. An daina jigilar mutane a layin Coniston a 1958. Rahoton Dr Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe layukan da ba sa kawo riba a faɗin Birtaniya, inda reshen Lakeside ya rasa fasinjojinsa a 1965, na Keswick zuwa Penrith kuma ya bi sahu a 1972.

Masu sha'awar tsofaffin jirage ne suka ceto wasu sassa. Layin Ravenglass zuwa Eskdale, mai tsawon kimanin kilomita 11, wanda aka buɗe a 1875 domin ɗaukar tama, an saye shi a 1960 don kada a wargaza shi. A 1973 kuma aka sake buɗe kimanin kilomita 5 tsakanin Haverthwaite da Lakeside, inda jirgi mai aiki da tururi ke sada fasinjoji da jiragen ruwan tafkin Windermere.

Babu shakka waɗannan jirage na jawo baƙi, suna kuma samar da ayyukan yi a ƙauyukan da noma da kiwo kaɗai ba sa riƙe su.

To amma ba su maye gurbin abin da aka rasa ba. Layin Lakeside, alal misali, ba ya haɗe da sauran layukan ƙasar, saboda aikin gyaran babbar hanyar mota ta A590 ya haɗiye wani ɓangarensa. Ke nan mai son hawa jirgin kan zo ne da mota ko bas, ko kuma ta ruwa.

A Keswick kuwa, an mayar da wani sashe na tsohon layin hanyar masu tafiya a ƙasa da masu kekuna. Ambaliyar guguwar Desmond ta lalata gadojinsa a Disamban 2015, kuma sai a ƙarshen 2020 aka sake buɗe shi. An daɗe ana fafutukar maido da jirgi zuwa garin, amma hakan bai tabbata ba.

Hatta layin Windermere, wanda ya tsira, bai samu kulawar da aka yi masa alkawari ba. A 2017 gwamnati ta soke shirin mayar da shi mai aiki da lantarki. A watan Yunin 2018, lokacin da kamfanin Northern ya dakatar da zirga-zirga a kansa, wani kamfanin tsofaffin jirage, West Coast Railways, shi ne ya ɗauki fasinjoji na kimanin makonni biyu.

Su ma jiragen tarihin suna da tasu matsalar. Mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda layuka irin waɗannan a Birtaniya suka dogara da ita wajen samun kwal, ta rufe a Nuwamban 2023, abin da ya sa suka koma sayo shi daga ƙasashen waje.

Hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Sai dai tambayar da ke gaban mahukunta ita ce ko za a zuba kuɗi a layin dogon da mazauna yankin za su hau zuwa aiki da makaranta, ko kuwa jirgin ƙasa zai ci gaba da zama abin kallo ga baƙin da suka iso da mota.