A Fitar Da Hanya Da Magudanar Ruwa Kafin A Yanka Fili A Azare



Duk wanda ya fita bakin garin Azare ta hanyar Jama'are, ko ta Misau, ko ta Potiskum, zai ga gonakin da ake noman gero da gyaɗa jiya sun koma filayen gini. Garin yana faɗaɗa, kuma dole ya faɗaɗa. Fiye da shekara ɗari ke nan da fadar Sarkin Katagum ta dawo Azare daga tsohon garin Katagum. Yau ga asibitin gwamnatin tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa duk suna neman muhalli.

Damuwarmu ita ce yadda ake yankan filayen. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa duwatsu, a sayar. Ba a bar titin da motar kashe gobara za ta shiga ba, ba a ware wurin makaranta ko maƙabarta ba, an cike kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an yi gini a kai. Idan damina ta kankama, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa, ya shiga ɗakunan mutane. Mun ga yadda ambaliyar 2024 ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a nan yankin Katagum. Ruwan da ya karya kwalta, katangar ƙasa ba za ta tsayar da shi ba.

Wasu na cewa harkar ƙasa ta gwamna ce. Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Amma dokar ta bar wa ƙaramar hukuma kula da filayen da ba a ayyana su cikin birni ba, ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon fili a kowace ƙaramar hukuma. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora mata magudanan ruwa, da titunan cikin gari, da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da sanya wa tituna suna. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Don haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Katagum ta haɗa kai da ma'aikatar ƙasa ta jiha a zana taswirar inda Azare za ta nufa nan da shekara 20, a liƙa ta a sakatariya kowa ya gani. Kada a yanka gona sai an fitar da hanya da magudanar ruwa. Muna roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni su daina sa hannu a takardar cinikin filin da ke kan hanyar ruwa. Madara da Chinade ma a fara tun yanzu, tun gonakin suna nan.

Mu kuma masu saye, mu tambayi inda titi yake kafin mu biya. Barin hanya a gona bai kai tsadar rushe gidan talaka bayan ya gama gini ba.

Allah Ya zaunar da ƙasar Katagum lafiya, amin.